Filin Kimiyya: Alif mai ƙarfe da aikinsa a ɗakin gwaji

A wannan wata za mu tattauna ne a kan wani sinadari da 'ya'yanmu na sakandare suke cin karo da shi a ɗakin gwaji, wanda kuma iyayensu suka san ɗan'uwansa tun suna yara. Babu wanda ya tashi a zango bai san alif ba, wanda wasu ke kira alam, wato farin dutsen nan da mata suke kaɗawa a cikin randa ko duro idan ruwa ya zo da laka, masu aski kuma suke gogawa a wurin da reza ta yanka domin jini ya tsaya. To, shi wannan alif yana da dangi da yawa, kuma wanda za mu ɗauka yau shi ne wanda zan riƙa kira alif mai ƙarfe.

Dalilai biyu suka sa na zaɓe shi. Na farko, ɗalibai da dama suna rikita shi da wani gishiri mai suna kusan iri ɗaya, kuma wannan rikici yana cinye musu maki a jarrabawar gwaji ta WAEC. Na biyu, sinadari ne da zafin ƙasarmu yake lalatawa idan ba a iya ajiyarsa ba, ga shi kuwa makarantunmu ba su da kuɗin sayen abu sau biyu.

Dangin alif

A wurin masana kimiyya, alif sunan zuriya ne guda. Kowane ɗan wannan zuriya gishiri biyu ne suka haɗu suka zama ɗaya, kuma tsarinsu ba ya canzawa: ayon guda mai caji ɗaya, ayon guda mai caji uku, salfet biyu, sannan ƙwayoyin ruwa 12. A cikin alif ɗin da aka fi sani, fotasiyam da alminiyam ne suke riƙe da gurabun nan biyu na farko, shi ya sa ake rubuta shi KAl(SO₄)₂·12H₂O. Idan aka sa amoniyam a gurbin fotasiyam, aka sa baƙin ƙarfe a gurbin alminiyam, sai a sami NH₄Fe(SO₄)₂·12H₂O, wato alif mai ƙarfe. Akwai kuma na kuromiyam, mai launin shunayya mai duhu.

Dukkansu idan suka daskare sukan fito da siffa ɗaya, dunƙule mai fuska takwas, kamar a ɗauki dalar gyaɗa biyu a haɗa gindinsu. A shekarar 1819 wani Bajamushe mai suna Eilhard Mitscherlich ya lura cewa sinadaran da tsarin haɗinsu ya zo ɗaya sukan ɗauki siffa ɗaya, kuma dangin alif su ne misalin da littattafai suka fi bayarwa. Kamar tasu ta kai har idan aka rataye dunƙulen alif na kuromiyam a cikin ruwan da ya ƙoshi da farin alif, sai farin ya ci gaba da girma a kansa, a sami dutse fari garau mai duhu a tsakiya.

Yadda ake haɗa alif mai ƙarfe ba shi da wuya. Ana narkar da koren salfet na ƙarfe a ruwa mai ɗan asid na salfurik, a zuba masa haidirojin faroksaid ko asid na nitrik domin ƙarfen ya tashi daga caji biyu zuwa caji uku. Daga nan sai a ƙara salfet na amoniyam, wato irin farin takin zamanin da manoman masara suke zubawa, amma tatacce. A rage ruwan a kan wuta kaɗan, a ajiye ya huce, dunƙulen su fito da kansu. Ana kuma samunsa a ƙasa jefi-jefi, alal misali a wani kogo kusa da garin Sabie a Afirka ta Kudu, amma duk wanda ke cikin kwalaben makaranta haɗa shi aka yi.

Nauyin mol ɗaya nasa giram 482.2 ne. A cikin wannan, ruwa kaɗai ya ɗauki giram 216, wato kusan kashi 45 cikin 100, baƙin ƙarfe kuwa bai wuce kashi 11.6 cikin 100 ba. A riƙe wannan lissafi, domin za mu komo gare shi.

Launi biyu, abu ɗaya

Sabon alif mai ƙarfe yana da launin shunayya mai haske ƙwarai, har wani ya ɗauka fari ne sai ya ɗaga shi a rana. Amma da zarar an jefa shi a ruwa sai ruwan ya koma ruwan ɗorawa, ya doshi ruwan ƙasa. Ɗalibi yakan tsorata ya ce sinadarin ya lalace, alhali lafiyarsa ƙalau. Abin da ke faruwa shi ne, a cikin dunƙulen kowane ayon na ƙarfe ƙwayoyin ruwa shida ne suke kewaye da shi, kuma wannan tsari shi ke ba da shunayya. A cikin ruwa kuwa, ƙarfen mai caji uku yana jan ƙwayoyin nan da ƙarfi har ɗaya daga cikinsu ta saki haidirojin ɗinta. Sakin nan shi ke kawo launin ɗorawa, shi ne kuma yake mayar da ruwan ya zama asid, har ya juya shuɗiyar takardar litmos ta koma ja. Idan aka bar ruwan ya kwana biyu, ko aka dafa shi, sai wata laka mai kama da tsatsa ta kwanta. Maganin wannan shi ne ɗigo kaɗan na asid na nitrik ko na salfurik, wanda yake hana sakin haidirojin, launin ya kwanta. Saboda haka duk malamin da zai haɗa ruwan alif mai ƙarfe don ajiya, to ya sa masa asid tun farko.

Kama da wane ba ta wane

Gishirin da ake rikita shi da shi sunansa gishirin Mohr, an sa masa sunan masani Karl Friedrich Mohr. Shi ma yana da amoniyam da baƙin ƙarfe da salfet, sai dai ƙarfensa mai caji biyu ne, ruwansa shida ne, launinsa kore ne mai haske, kuma nauyin mol ɗinsa giram 392.1 ne. Ba ya cikin zuriyar alif ko kaɗan. A jikin kwalba, namu za a ga an rubuta ferric ko lambar Rumawa III, na Mohr kuwa ferrous ko lamba II. Haruffa biyu ko uku ne suka raba su, kuma wasu kamfanoni suna taƙaita sunayen duka biyun da FAS. Don haka kada a dogara da taƙaitaccen suna, a duba yawan ruwan da aka rubuta, 12 ne ko 6.

Idan takardar kwalba ta goge, gwaji zai raba gardama. A ɗiga ruwan famanganet mai ɗan asid. Gishirin Mohr zai shanye launin nan take, alif mai ƙarfe kuwa ba zai taɓa shi ba, domin ƙarfensa ba shi da sauran abin da zai bayar a wannan hali. A ɗiga ruwan soda mai ƙuna, wato NaOH. Na Mohr zai ba da laka koriya mai dauɗa wadda take komawa ruwan ƙasa idan ta sha iska, namu kuwa zai ba da laka ja-ja mai ruwan ƙasa tun daga ɗigon farko, kuma ba ta narkewa ko an ƙara sodar.

Ɗalibai, ku lura cewa wannan gishiri ɗaya yana ɗauke da amsar tambaya uku. Idan kuka ɗumama cakuɗin nan na soda, iskar amoniya za ta tashi da warinta mai shaƙe hanci, ta mayar da jiƙaƙƙiyar jar litmos shuɗiya, shaidar amoniyam ke nan. Idan kuka ɗiga bariyam kuloraid a wani kason, farar laka za ta fito wadda asid na haidirokulorik mai ruwa-ruwa ba ya narkarwa, shaidar salfet ke nan. Idan kuma kuka ɗiga tayosayanet, wato KSCN, ruwan zai yi ja wur kamar jini, shaidar ƙarfe mai caji uku ke nan. Ku rubuta abin da idonku ya gani tukuna, sannan ku rubuta abin da kuka fahimta, kowanne a gurbinsa.

Awon gishiri da hanyar Volhard

Wannan jan launi na jini shi ne ya ba alif mai ƙarfe babban aikinsa. A shekarar 1874 Jacob Volhard, wani masanin Jamus da ya yi aiki a ƙarƙashin Justus von Liebig, ya wallafa hanyar auna azurfa da tayosayanet. Ana zuba ruwan da ke ɗauke da azurfa a kwalbar gwaji, a sa asid na nitrik, a sa kamar mililita ɗaya na ruwan alif mai ƙarfe a matsayin manuni. Sai a riƙa sakin tayosayanet ɗigo-ɗigo daga buret, wato dogon bututun gilashin nan mai layukan awo da ɗan famfo a gindi. Muddin akwai azurfa a ruwan, ita ce za ta riƙa cafke tayosayanet, su kwanta a matsayin farar laka. Da azurfa ta ƙare, ɗigon da ya biyo baya ba shi da mai karɓarsa sai ƙarfe, nan take ruwan ya ɗauki ja-ja. A nan ake rufe famfo a karanta awo.

Da wannan dabara ake auna gishirin da ke cikin nama da kifi da cuku, amma ta bayan gida. Ka ba yaro sidi 25 ya sayo kaya, ya dawo maka da canjin sidi 8. Ko bai buɗe baki ba ka san kayan na sidi 17 ne. Haka nan ake zuba naitiret na azurfa wanda aka san yawansa, kuma wanda ya fi ƙarfin gishirin da ke wurin. Kuloraid na gishirin ya ci rabonsa, sannan a ƙirga canjin da tayosayanet.

Mu ƙaddara an auna giram 2 na kilishi, an zuba masa mililita 25 na ruwan azurfa mai ƙarfin mol 0.1 a lita, sannan aka dafa shi da asid na nitrik har naman ya narke. Azurfa ake fara zubawa kafin asid, domin kada kuloraid ya bi tururi ya gudu. Bayan ya huce, sai aka ga ragowar azurfar ta ci mililita 8 na tayosayanet mai ƙarfi iri ɗaya. Ashe gishiri ya ci mililita 17. Kowace mililita ɗaya daidai take da miligiram 5.84 na gishiri, saboda haka akwai kimanin miligiram 99, wato kusan kashi 5 cikin 100 na nauyin kilishin.

Akwai wurare uku da ake tuntuɓe. Na ɗaya, farar lakar kuloraid na azurfa ta fi ta tayosayanet saurin narkewa, don haka idan aka bar ta a ciki, tayosayanet zai riƙa ƙwace mata azurfa, jan launi ya fito ya ɓace, mai awo ya yi ta ƙarawa, lissafin gishiri ya fito ƙasa da gaskiya. Sai a tace lakar kafin a fara. A da akan lulluɓe ta da naitirobenzin, amma guba ne mai shiga ta fata, bai dace da ɗakin gwajin makaranta ba. Na biyu, asid dole ne, domin shi ke hana ƙarfen kwanciya, shi ne kuma yake hana kabonet da fosfet cin azurfar. A nan hanyar Volhard ta fi hanyar Mohr mai amfani da kuromet, wadda ba ta aiki a cikin asid. Na uku, zafi yana kashe jan launin. A ƙasa irin tamu, gara a yi wannan awo da sassafe, ko a tsoma gindin kwalbar a ruwan sanyi.

Ƙarfe a ruwan sha

A garuruwa da yawa mata suna kukan ruwan rijiyar burtsatse da yake fitowa garau, amma in ya jima a bokiti ya yi ja, ya ɓata farin tufafi. Baƙin ƙarfe ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa idan ya haura miligiram 0.3 a lita ɗaya yakan fara tabo a wanki. Kafin mai gwaji ya faɗi yawan ƙarfen da ke cikin ruwa, sai ya sami ruwan da ya san yawan ƙarfensa tabbas, ya gwada launukansu. Lissafinmu na baya ya nuna cewa giram 0.863 na alif mai ƙarfe yana ɗauke da giram 0.1 na ƙarfe. Idan aka narkar da shi da ɗan asid aka cika lita ɗaya, kowace mililita tana da miligiram 0.1. Daga wannan ake tsinka sauran ma'aunai. Amma lissafin yana tsayawa ne idan ƙwayoyin ruwan nan 12 suna nan cif.

Daga dukawa zuwa asibiti

Dukawa sun daɗe da sanin cewa fatar da aka jeme da bagaruwa tana yin baƙi ƙirin idan aka shafa mata kuloko, wanda ake haɗawa da kashin maƙera. Ƙarfe ne yake haɗuwa da sinadarin tanin da ke cikin bagaruwa. Malami zai iya nuna wannan a aji da ɗigo ɗaya na ruwan alif mai ƙarfe a cikin baƙin shayi, nan take ya zama kamar tawada.

Irin wannan aiki yake yi wa likitoci. Akwai wani rini mai suna hematoksilin da ake samu daga wata bishiya ta ƙasar Meksiko da maƙwabtanta, wanda ba ya kama tsokar jiki shi kaɗai sai da ɗan tsakani. A shekarar 1892 Martin Heidenhain ya fito da hanyar da ake jiƙa siririn yankan tsoka a ruwan alif mai ƙarfe, sannan a tsoma shi a rinin har ya yi baƙi gaba ɗaya. Daga nan sai a mayar da shi cikin ruwan alif ɗin, wanda yanzu yake zare rinin sannu a hankali. Mai aikin yana dubawa a madubin ƙara girma, ya tsayar da wankin a daidai lokacin da abin da yake nema ya rage baƙi, sauran wurin ya yi haske. Ta haka ake ganin zaren gado na cikin ƙwayar halitta da layukan tsoka. Ana kuma amfani da irin wannan rini wajen gane ƙwayar amiba mai kawo atini a cikin bayan gidan majiyyaci.

Sanyin da ya wuce na ƙanƙara

Aikinsa mafi ban mamaki yana wajen masu binciken sanyi. Kowane ayon na ƙarfe mai caji uku tamkar ɗan ƙaramin maganaɗisu ne, kuma ruwa da salfet da ke tsakaninsu sun nisanta su da juna, kowa yana fuskantar inda ya ga dama, kamar yara a filin makaranta lokacin tara. Idan aka sanyaya gishirin aka kunna masa babban maganaɗisu, sai su shiga layi, su fitar da zafi, a janye zafin. Sai a killace gishirin a rage maganaɗisun a hankali. Yayin da suke watsewa suna bukatar zafi, sai su zuƙe shi daga jikin gishirin da duk abin da ke manne da shi. William Giauque ne da abokin aikinsa suka fara gwada wannan dabara a Amurka a shekarar 1933 da wani gishiri dabam, kuma ya sami kyautar Nobel a 1949. Iyakar sanyi a duniya ita ce digiri 273.15 ƙasa da sifiri a ma'aunin Selshiyas. Tauraron binciken sama na Japan mai suna Suzaku, da aka harba a 2005, ya ɗauki alif mai ƙarfe wanda ya sanyaya na'urarsa har saura digiri 0.06 ta kai wannan iyaka, kafin ruwan hiliyam da ke tallafa masa ya tsiyaye bayan 'yan makonni.

Ajiya da kiyayewa

Abin dariya shi ne, gishirin da ke iya wannan sanyi ba ya jure zafin bazara. Yana narkewa a cikin ruwan jikinsa a wajen digiri 40, zafin da Tamale da Bolgatanga suke kaiwa a watan Maris, balle a cikin sito mai rufin kwano. A lokacin hunturu kuma busasshiyar iska tana zuƙe masa ruwa idan murfi bai rufu ba, fuskarsa ta koma gari. Malamai 'yan'uwana, a rufe kwalbar gam, a ajiye ta a ƙasa-ƙasa nesa da taga da rufi. Inda akwai firji a sa ta a ciki, inda babu kuwa, a sa ta a tukunyar ƙasa da aka kewaye da jiƙaƙƙen yashi, dabarar da iyayenmu mata suka fi mu sani. Wanda ya riga ya narke ko ya yi gari kada a zubar, zai yi aikin manuni da gwajin launi. Abin da ba zai yi ba shi ne awon sikeli, domin ba a san yawan ruwan da ya rage masa ba.

Ga iyaye kuma, sunan alif da yake ɗauke da shi kada ya ruɗi kowa. Ba a sa shi a randa, ba a goga shi a rauni. Yana ƙona ido, yana sa fata ƙaiƙayi, yana barin tabon tsatsa a riga, kuma gishirin ƙarfe idan ya yi yawa a cikin ƙaramin yaro yana iya hallaka shi. Idan yaro ya zo gida da wani dutse mai kyan launi daga makaranta, a karɓe a mayar wa malaminsa. Wanda ya shiga wa ido a wanke da ruwa mai yawa, a garzaya asibiti.

Tambayar wata

Ga aikin gida ga ɗalibai. An auna giram 5 na wagashi, an zuba masa mililita 30 na ruwan azurfa mai ƙarfin mol 0.1 a lita. Ragowar azurfar ta ci mililita 12 na tayosayanet mai ƙarfi iri ɗaya. Kashi nawa cikin 100 na wagashin ne gishiri? Kuma idan mai awon ya manta bai tace farar lakar ba, amsarsa za ta haura gaskiya ne ko za ta gaza? Ku yi lissafin a littafinku ku nuna wa malaminku, amsa tana nan tafe a wannan fili a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.